Shekara uku da tsohon jirginmu a tafkin Gidimuni

Tun da labari ya bazu cewa ƙungiyarmu ta sayi jirgin ruwa mai inji, duk taron da muka je sai an tare mu da tambaya: nawa kuka saya, nawa yake kawowa, mu ma mu saya? A tsaye bakin taro amsa ba ta cika. Shi ya sa muka buɗe kayenmu, muka rubuto muku abin da muka gani cikin shekara uku, mai daɗi da marar daɗi.

Ga waɗanda ba su san garinmu ba, Gidimuni tana gabas da birnin Damagaram, wajen kilomita 70 bisa hanyar Gure da Difa. Allah ya ba mu tafki, da rake da dabino da garake kewaye da shi. A 2019 aka sa tafkin cikin jerin wuraren ruwa da duniya ke kiyayewa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, tare da na Madarumfa. Mu dai abin da muka sani tun muna ƴan mata shi ne tarwaɗa da karfasa, da hayaƙin banda a ido.

Mu 28 ne a ƙungiya, bisa tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991. Kowace mace tana zuba dala ɗari a mako. Fiye da rabinmu sana'ar kifi muke yi, wasu banda, wasu suya. Damuwarmu guda ce shekara da shekaru: kifi yana fitowa gabanmu amma ba namu ba ne. Dillalan birni sukan ba masunta kuɗi tun kafin a shiga ruwa, su saya musu raga, su biya musu bashi. In an fito da safe, manyan kifi sun riga sun yi mai su. Mu sai ragowa, ita ma da tsada. Wata tsohuwa cikinmu, wadda duka muke kira Inna, ita ta fara faɗa a wajen zubi: "Ƴaƴana, mai jirgi shi ke da kifi. In ba mu da jirgi, haka za mu ƙare muna tsintar ƙanana."

Magana ta zauna. Fashin asusu uku a jere muna ware wani abu gefe, har muka tara jika 850. Niyyarmu kwale-kwalen katako ne guda biyu. Sai muka ji labarin wani dattijo a Mirya da ke da jirgin alminiyam, irin ƙarfen tukwanen nan farare da ake zubawa, tare da injinsa. Masunci ne da ya yi shekaru a Tafkin Cadi. A 2015, da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa, aka kwashe mutane daga tsibirai, aka hana kamun kifi da cinikinsa, sai ya ɗoro jirgin bisa babbar mota ya dawo gida. Shekara bakwai jirgin na kife ƙarƙashin darbejiya, injin kuma a ɗaki cikin buhu.

Ba mu je mu kaɗai ba. Mun ɗauki sarkin ruwanmu, mun kuma biya wani bakanike mai gyaran babura da injin ban ruwa kuɗin yininsa don ya raka mu. Jika biyar ɗin nan da muka ba shi, har yau ba mu kashe kuɗin da ya fi su amfani ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon da ya san abin.

Ga yadda aka gwada jirgin, don ku riƙe. An ɗora shi bisa tsofaffin tayoyi, aka zuba ruwa ciki kamar tsawon yatsa, muka durƙusa muna leƙen ƙasansa. Irin wannan jirgi falle-falle ne aka haɗa da ƙananan ƙusoshi masu kai biyu, waɗanda makanikai ke kira ribe. Duk inda ɗigo ya fito sai a zagaye da alli. Mun ƙirga wuri 17. Sannan bakanike ya koma baya, wurin da ake maƙala inji. Akwai katako a tsakanin ƙarfen, shi ke ɗaukar nauyin inji da turinsa. Ya soka sukurudireba, ta shige kamar cikin tuwo. Gara da ruwan damina sun cinye shi.

Injin Yamaha ne mai ƙarfin doki 15, irin wanda ake gauraya masa mai. An cika rabin tano da ruwa, aka tsoma ƙafarsa ciki kafin a ja igiya. Bakanike ya ce mana: "Hajiyoyi, wannan inji da ruwa yake shan iska. In aka tada shi a busasshe, ko minti guda bai cika ba ƴar farfelar robar da ke jawo ruwa za ta ƙone." Da ya tashi, sai ya nuna mana wani siririn ruwa da ya kamata ya riƙa fita ta gefe. Masunta suna ce masa fitsarin inji. Namu ɗigo-ɗigo yake yi, alamar robar ta tsufa.

Dattijon ya sa jika 900. Muka ce: "Baba, ka ga ribe 17, ka ga katako, ka ga roba. Duk mu za mu gyara." Aka yi ta ja har la'asar, muka tsaya jika 700, biya biyu. An rubuta takarda gaban mai unguwa da shaidu, da lambar da ke jikin injin, da sunan ƙungiya. Ba sunan shugaba ba, ba sunan mijin kowa ba. Mota ta ci jika 25, gyaran farko jika 90. Jimla jika 815, wato ya ɗara zubinmu na shekara guda cur. Wannan lissafi ya hana da yawa cikinmu barci a makon nan.

Gyaran farko ya ɗauki mako uku. Ribe ɗin da suka saki ba walda ake yi musu ba. Mutum ɗaya ya dafe kan ƙusar da dunƙulen ƙarfe daga waje, ɗaya ya bubbuga da guduma daga ciki har ta matse. Waɗanda suka ƙi, aka huda aka sa sababbi na alminiyam. Wani mai walda ya ce mu kawo ya like mana duka cikin awa guda, bakanike ya hana. Ya ce waldar ƙofa da taga ta baƙin ƙarfe ce, ba ta kama alminiyam, kuma fallen siriri ne, wuta huda shi za ta yi. Kafinta ya yanko sabon katakon baya, aka shafe shi da fenti sau uku kafin a sa. A inji aka canza roba, da buji biyu, da tiyon mai, aka wanke karbirata wadda tsohon mai ya daskare a ciki kamar ƙaro.

Da jirgi ya shiga ruwa, aikin da ya rage na kullum ne, kuma shi ne ya fi wuya. Sayen abu rana guda ne. Mun zaɓi mata uku, ƴan kwamitin jirgi, dukansu sun yi yaƙi da jahilci. Suna da kaye nasu dabam da na asusu. Kowace fita ana rubuta rana, da lita nawa aka zuba, da awa nawa inji ya yi, da kifin da aka samu. Da farko maza sun yi dariya, wai jirgi ya shiga lakkwal. Yanzu bakanike da kansa in ya zo, kaye yake fara tambaya.

Maganar gauraya mai ita ce ta farko. Wannan inji ba shi da wurin baƙin mai dabam, cikin isansi ake zuba masa man gauraya: kashi ɗaya cikin hamsin. Ma'ana, lita 10 ta isansi tana son mililita 200. In ya yi kaɗan inji ya ci kansa, in ya yi yawa buji ya toshe, hayaƙi ya turnuƙe. Ba mu yarda da awon ido ba. Wata cikinmu ta kawo tsohon bibiron ɗanta mai layuka a jiki, da shi muke awo har yau. Isansi kuma sai an tace shi da mazurari da ƙyalle mai tsabta, musamman da hunturu in ƙura ta tashi.

Farashin mai ya ba mu wuya. Lokacin da muka sayi jirgin, man ruwa-ruwa da ake shigowa da shi daga Najeriya yana da araha. A watan Mayu na 2023 aka cire tallafin mai a can, araha ta ƙare. Ga matatar SORAZ arewa da Damagaram tana aiki tun 2011, amma lita sai da kuɗinta. Kayenmu ya nuna in aka murɗe inji har ƙarshe yana shan wajen lita 7 a awa, in aka tafi a hankali ko rabin haka ba ya sha. Sai muka sa doka: inji na zuwa da dawowa ne, da ɗaukar kaya. Wajen shimfiɗa raga da janye ta, filafili da gora. Tafkinmu ba Tafkin Cadi ba ne, ba inda ake sauri zuwa.

A farkon 2025, da aka yi ƙarancin mai a ƙasa, gidajen mai suka ƙafe, dole aka saya a kwalba hannun wani mai tebur. Ashe da ruwa a ciki. Inji ya mutu tsakiyar tafki, yara suka dawo da filafili bayan azahar, kifi ya fara laushi. Karbirata ta sake shan wanki. Tun daga ranar, duk man kwalba sai ya kwana cikin farin bido. Ruwa ya fi mai nauyi, yakan kwanta a ƙasa, da safe ido na ganinsa.

Abu na biyu ciyawa ce da tsohuwar raga. Kacala ta cika gefen tafki, tana toshe ramukan da inji ke shan ruwa. Shi ya sa matuƙi ke waiwayen fitsarin inji kowane lokaci. In ya tsaya, a kashe nan take, a ɗaga ƙafa a share. Zaren raga kuma yakan naɗe bayan farfela inda ido ba ya gani, ya yanke robar da ke tare man ƙafar inji. Duk Juma'a ana kwance farfela a duba. Man ƙafa ana canza shi bayan awa ɗari na aiki ko wata shida. In ya fito fari kamar nono, ruwa ya shiga, a kira bakanike kafin haƙoran ciki su lalace.

Na uku, mu mata muka fi maza saurin gane shi. Kowace mai girki ta san abin da kanwa ke yi wa tukunyar alminiyam: ta baƙanta ta, in an daɗe ta cinye gindinta. To ƙasarmu ta kanwa ce, da rani kuna ganin farinta a bakin ruwa. Don haka ba a barin jirgi ya kwana cikin laka. A jawo shi, a ɗauraye ciki da waje da ruwan rijiya, a kife bisa tayoyi a inuwa. Ba a barin ƙugiya ko waya ko guntun baƙin ƙarfe ko jan ƙarfe su kwanta a cikinsa cikin danshi, don inda suka daɗe nan ƙarfen jirgin ke yin farin gari, ya huje. Alminiyam ba ya jan tsatsa irin wadda muka saba gani, shi ya sa mutane ke zaton ba ya ciwo. Inji kuma, kusan kilo 40 ne, kullum ana sauke shi a kai ɗakin ma'aji bisa amalanke, a jingine shi tsaye, a rufe da kwaɗo biyu. Makulli ɗaya wajen ma'aji, ɗaya wajen kwamiti.

Wa ke tuƙi? Wannan ta fi gyaran inji zafi. Kowace tana da ɗa ko ƙane ko miji da take so a ba. Mun yi zama uku kafin mu daidaita. Masunta biyu ne, sarkin ruwa ya shaide su, suna da takardar izinin su daga ma'aikatan gandun daji, sun iya iyo. Yarjejeniyarsu ta wata shida ce, ana sabuntawa. Rabo kuma haka yake: a fitar da kuɗin mai tukuna, abin da ya rage rabi nasu, kashi ɗaya cikin huɗu na asusu, ɗaya cikin huɗu na akwatin jirgi. Kifi kuwa, ƴan ƙungiya ke fara saye a farashin bakin ruwa, bi da bi bisa jerin sunaye. Sai mun ƙoshi dillali ya taya.

Ranakun da ba a su, jirgi yana ɗauko rake da kayan garka daga ƙetare, ana biya. Mutane kuma mun tsaida shida har da matuƙi, ko sarki ne ba a ƙara ɗaya. Akwai rigunan ceto shida da muka sayo a kasuwar Dole. Wata rana mijin wata ƴar ƙungiya, mutum mai faɗa a ji, ya zo zai kai ƴan biki ƙetare, su goma sha huɗu da kayansu. Ya ce ai jirgin matarsa ne. Kafin kowa ya buɗe baki ita matar ta ce: "Maigida, ka yi haƙuri. Nawa a ciki ɗaya ne cikin 28. Sawu uku za a yi." Ya yi fushi ya tafi, daga baya aka yi sawu ukun. Ba mu manta Bagwai ta jihar Kano ba, inda a ƙarshen Nuwamba na 2021 jirgi ya kife da mutane, fiye da ashirin suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Jarrabawa mafi girma ta zo mana da daminar 2024, shekarar da ruwa ya yi ɓarna ko'ina, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe a watan Satumba. Cikinmu akwai waɗanda ɗakunansu suka faɗi, hatsi ya yi tsada, asusun taimako ya ƙare. A akwatin jirgi akwai jika 150. Wasu suka ce a fasa a raba, kowace ta samu jika biyar ta auno gero. Ba maganar banza suka yi ba, yunwa ce. Wata ta miƙe da hawaye ta ce: "Yaya, ƙarfe za a ciyar ƴaƴanmu na kwana da yunwa?" Wuri ya yi tsit. Inna ce ta amsa: "Ɗiyata, jika biyar kwana nawa za ta kai ki? In injin nan ya tsaya ba kuɗin gyara, kifin da kike soyawa kullum daga ina?" Aka jefa ƙuri'a da tsakuwa, 17 suka ce a bar akwati, 11 suka ce a raba. Waɗanda ɗakunansu suka faɗi aka ba su bashi daga babban asusu ba riba, aka kuma sa su gaban layin kifi wata biyu.

Ba a yi mako shida ba man ƙafa ya fito fari. Robobi da haƙori guda sai da aka aiko daga Kano, gyara ya ci jika 110. Jirgi ya yi kwana 12 a kife, ya koma ruwa. Da an raba kuɗin nan, da sai bayan kaka. Duk da haka mata biyu sun bar ƙungiya a fashin asusun shekarar, an biya su rabonsu na jirgi, wasu biyu suka shigo. Muna gaisawa, muna zuwa sunan juna, amma abin ya yi mana ciwo.

Yanzu ga lissafi, don shi kuka fi tambaya. Shekarar farko jirgi ya sa jika 140 a asusu, ta biyu 210, ta uku 260. Jimla 610. Cikin jika 815 da muka kashe, saura 205 bai dawo ba. Akwatin jirgi shi ma ya karɓi 610, an kashe 380 a gyara da kayan canji, saura 230. Wato in riba ta hannu kuke nema cikin shekara guda, da bashi muka bayar da kuɗin nan a cikinmu da sun fi kawowa. Abin da bai shiga wannan lissafi ba shi ne kifin. Mai banda da a da take samun kwano guda na ƙanana, yau ranar layinta tana ɗaukar manyan tarwaɗa a farashin bakin ruwa, ta aika Damagaram da kanta. Dillalan ma sun sassauta, don sun ga akwai wata ƙofa.

Ga ƙungiyoyin da ke kusa da ruwa, kamar ƴan'uwanmu na wajen Lasuri, shawararmu ita ce ku fara duba girman ruwanku da watannin da yake ɗauka. In ƙaramin tafki ne mai ƙafewa da rani, kwale-kwalen katako da filafili ya ishe ku, kada kwaɗayin inji ya ja ku. In kun tsaya kan mai inji, ku tabbata akwai bakanike da zai iya zuwa cikin yini guda, ku san inda kayan canji suke kafin ku biya. Kada ku kashe duk abin da kuka tara wajen saye, ku bar na gyaran farko, don tsohon abu ba ya zuwa hannu wofi. Araha ba ta ado.

Waɗanda ba su da ruwa ma, maganar ta shafe ku. Injin niƙa, injin ban ruwa, injin matsar gyaɗa, keken ɗinki, duk halinsu ɗaya. A gwada gaban wanda ya sani kafin a biya. A rubuta takarda da sunan ƙungiya. A ba abin kayensa da akwatinsa tun ranar farko, a kuma yanke dokar akwatin lokacin da ciki ke ƙoshe, kowa ta sa hannu, don ranar yunwa ba a iya yanke ta.

Bana muna son jika 230 ɗin nan ta zama harsashin kuɗin sabon inji, don bakanike ya ce wannan zai iya ba mu shekara uku ko huɗu in an ci gaba da lallaɓa shi, bayan nan sai abin da Allah ya yi. Mun kuma sa ƴan matanmu biyu suna zama kusa da shi duk ranar da ya zo, sun riga sun iya canza buji da kwance farfela. Duk ƙungiyar da ke son gani da ido, ku aiko ta hannun mai kula da yankinku, ku zo ranar Juma'a da safe lokacin da ake duba inji. Kaye a buɗe yake, za mu kuma soya muku karfasa.

Allah ya sa albarka a zubinmu da naku. Sai mun ji daga gare ku.